Lambar da Aka Soke

A ofishin kamfanin intanet, akawu yana jera takardunsa, sai ga wani dattijo ya zauna gabansa, rungume da ƙunshi kamar mai ɗauke da jariri. Rigarsa ta sha guga, amma wuyanta ya fara zarewa. Ya kwance ƙunshin: tsohuwar wayar tebur ce, an goge ta tas.

"Jikokina sun hana ni sakat, wai sai da intanet ake karatu. Ga wayar, a haɗa."

"Baba, ai yanzu ba a bukatarta. Layinku ma shekara shida ke nan a yanke. Ɗan akwati za mu kafa muku, shi ke nan."

"Lambar fa?"

"An soke ta, sai dai sabuwa."

Dattijon bai yi gardama ba. Yatsansa kawai ke bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko dubawa. Akawun ya saba da masu faɗa da masu ƙorafi, amma wannan shirun ba shi da gurbi a takardarsa.

"Wannan lambar kaɗai babban ɗana ya haddace kafin ya bar gida," in ji dattijon, idonsa a kan wayar. "Na ɗauka in kun haɗa, za ta sake ƙara."

Ya sa hannu saboda jikoki, ya ɗaure ƙunshinsa, sannan ya tambaya a hankali: "To, wanda ya kira tsohuwar lambar, me zai ji?"

Akawun ya san amsar sarai. Ya sunkuyar da kai, yana ta gyara takardun da ya riga ya jera.