Motar gyaɗa da ta ɗauki ƴan jarrabawa

Har yau ban manta da ranar da muka ɗauki ƴan ajin ƙarshe na lakol ɗin Gangara, wato makarantar bokon garin, za mu kai su Tasawa ba. Shekaru kaɗan ne bayan samun ƴancin kai, ina sabon malami. Ku da kuka shigo aikin yanzu kuna ganin tambayar inshorar mota kafin a fita da yara ɓata lokaci ce, shi ya sa nake so ku ji abin da na gani da idona.

A wancan zamani garuruwan Agiye da Gazawa, har da Gangara, duk a ƙarƙashin Tasawa suke. A can buron inspekta yake, wato ofishin jami'in da ke duba makarantun yankin, a can kuma ake rubuta jarrabawar satifika, wadda yaro ke yi in ya gama firamare. Farkon damina ake yin ta. Ƙa'ida ta ce kowane darakta, wato shugaban makaranta, ya kai ɗalibansa wurin jarrabawa, amma ba ta faɗi da me zai kai su ba. Buron kansa ƙaramar mota ɗaya gare shi, ta rangadin inspekta.

Daraktanmu Mushe Garba ne (Mushe ake ce wa malamin lakol), mutumin Cadakori, dogo, mai yawan shiru. Shi ya buɗe lakol ɗin da rumfar kara, kuma waɗannan yara su ne na farko da ya raina tun daga baƙi har ajin ƙarshe. A cikinsu akwai Hadiza, ɗiyar wani makiyayi mai suna Manu, wanda rugarsu ke gabas da gari. Lokacin da hukuma ta ce kowace ruga ta ba da yaro, Manu bai so ba. Mushe Garba ya yi ta zuwa yana zama da shi a gindin gawo, har ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, yarinya tana hannun gwamnati. Da wannan magana Manu ya sake ta. Ta kuwa fito da kai, a lissafi babu mai kama ta a ajin.

Da jarrabawa ta matso, Mushe Garba ya je wajen Alhaji Sani, ɗan kasuwar gyaɗa, wanda shi kaɗai ke da babbar mota a garin. Alhaji bai ko bari ya gama bayani ba. Ya ce yaran gari ne, ga mota, ga direba, ga mai, ba ya son ko sisi. Mu duka muka yi ta godiya. Babu wanda ya kawo zancen inshora, wadda a nan muke ce wa asiransi. Ni a lokacin sunanta kawai na sani.

Mun tashi da safe bayan an kwana ana ruwa. Yara suna bayan mota a kan buhunan wofi, ni ina tare da su, Mushe Garba yana gaba. Suna ta waƙa, don da yawansu ranar suka fara shiga mota. Mun wuce Gazawa da kaɗan, a gangaren wani kwari, ƙasa ta zame ƙarƙashin taya. Direba ba gudu yake ba. Motar ta karkata a hankali, ta kwanta a gefenta, muka zube kan juna cikin laka. Yawancinmu ƙujewa ce kawai. Amma tayar safaya da ke jingine ta faɗo wa Hadiza a cinya, can sama kusa da ƙugu. Ba ta yi kuka ba, sai tambayata take ko za a bar ta ta rubuta jarrabawar a kwance.

Wata mota da ta biyo baya ta kwashe mu zuwa Tasawa. Malamin asibiti ya duba ta, ya ɗaure ƙafar da katako, ya ce karayar ta fi ƙarfinsa, sai likitan tiyata a Maraɗi. Ya ce zai tura ta da zarar an gaya masa wanda zai ɗauki nauyinta, na mota da na jinya. Muka ɗauka magana ce ta yini guda. Sauran yaran suka rubuta jarrabawarsu da raunukansu.

Na raka Mushe Garba buron inspekta. Tambayar farko da inspekta ya yi ita ce ko motar tana da asiransi. Ya yi mana bayani cewa yarjejeniya ce tsakanin mai mota da wani kamfani: mai mota yana biya duk shekara, in haɗari ya auku kamfanin ya ɗauki nauyin ɓarnar. Alhaji Sani, da ya biyo mu hankali a tashe, ya ce yana da ita, bai taɓa fashin biya ba. Muka sami ɗan sauƙi. Sai da wakilin kamfanin ya zo daga Maraɗi muka ji sauran zancen. Ya ce abin da Alhaji ya biya na kaya ne, da na wanda motar ta buge a hanya. Mutum a bayan motar gyaɗa ba ya ciki, ko yaro ko babba.

Daga nan kowa ya fara janye jiki. Inspekta ya ce motar ba ta gwamnati ba ce, kuma ba shi ya ba da umurnin a shiga ta ba. Ya buga waya ma'aikatar ilimi a Yamai, aka ce masa ana duba maganar. Kumandan, wato mai mulkin yankin, ya ce sha'anin lakol ba nasa ba ne. Jandarma kuma, jami'an tsaron da ke kula da hanya, suka kama motar suka ajiye, suka ce sai an gama bincike. Ana wannan kai da kawo, Hadiza tana kwance, ƙafa tana kumbura.

Ranar da Manu ya iso, da ƙafa ya zo, da sandarsa a kafaɗa. Ya ga ɗiyarsa, sannan ya ce a kai shi wurin babba. Ya tuɓe takalmi a ƙofar buro, ya ƙi kujera, ya tsuguna. Inspekta ya yi masa bayanin asiransi da haƙuri, ni ina ƙara sassauta masa Hausar inda ta yi nauyi. Manu ya saurara har ƙarshe, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni ban san kamfani ba. Ban ba Alhaji ɗiyata ba. Gwamnati na ba. Mushe ya ce mini tana hannun gwamnati. To, ina gwamnatin take, in yi magana da ita?"

Inspekta ba mugun mutum ba ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma jiran amsa yake daga sama. Ya sa hannu a aljihu zai ba shi wani abu, Manu ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya juya ya dubi Mushe Garba, ya fita.

Alhaji Sani ya ce a daina jira, shi zai nemi mota ya kai ta Maraɗi ya ɗauki duk nauyin. Da tun ranar farko aka bar shi, da ya yi, amma an ce masa kada ya sa hannu, don za a ɗauka ya amsa laifi. Yanzu da ya yi kunnen ƙashi da wannan shawara, Manu ya riga ya yanke tasa. Ya ce ya gode, amma ba mai sake sa masa ɗiya a mota. Ya samo takarkari ya ɗora ta a kai, ya kai ta wurin maɗorin ruga. Ƙashin ya haɗe, amma a karkace. Ta tashi da ɗingishi mai tsanani, ba ta sake taka lakol ba. Kafin kaka rugar ta tashi ta yi arewa, sauran Fulanin yankin kuma suka janye ƴaƴansu ɗaya bayan ɗaya.

Amsar Yamai ta iso bayan an gama girbi. Ba ta ce komai a kan jinyar yarinyar ba. Ta ɗora laifi a kan Mushe Garba, cewa ya ɗauki ɗalibai a motar da ba ta dace ba. Aka sauke shi daga darakta, aka tura shi wani ƙauye mai nisa a matsayin malamin aji. Na taya shi ɗaure kaya. Abin da ya ce mini kawai shi ne, saukewar ba ta dame shi ba, maganar da ya yi wa Manu a gindin gawo ce ke hana shi sukuni, don ya faɗe ta yana ganin gaskiya ce. Motar Alhaji ta yi ta zama a harabar jandarma har cinikin gyaɗa na shekarar ya wuce shi. Bai yi fushi da mu ba, amma bai ƙara ba lakol aron ko jaki ba.

Aka kuma fito da doka cewa kada a sake ɗaukar ɗalibi a motar da ba ta da asiransin fasinja. Doka mai kyau, sai dai ba a haɗo ta da mota ba. Shekarar da ta biyo baya da ƙafa na kai yara Gazawa neman abin hawa, iyaye da dama kuma suka ce nasu ba za su je ba.

Na yi shekaru a wannan aiki, har ni ma na zauna a kujerar inspekta. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, aikinmu cike yake da mutanen kirki, kuma kirkinsu bai hana yarinya gurguncewa ba. Duk lokacin da darakta ya zo mini da zancen fita da yara, nakan tambaye shi motar wa ce, asiransinta ta ɗauki mutane ko kaya, kuma in wani abu ya faru, wane ne da sunansa zai tsaya a gaban uban yaro. Wasu sun ce na cika tsanani. In ba a sami mai amsa tambayar ƙarshen nan ba, sai in ce a gaya wa iyaye ni ne zan tsaya, sannan mota ta tashi.