Golmona Kwamfuta Ce

A ƙasarmu, saurayin da ke son yarinya yakan yi wa mahaifinta noma shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Golmo ke nan. Ni kuwa hannuna bai san fartanya ba, shagon buga takardu nake da shi kusa da tashar Zuru. Ranar da na je gaida mahaifin yarinyar da nake nema, tsohon soja ne kuma sakataren cocinsu, ya dubi tafin hannuna ya yi dariya.

"Kai ba ka iya gona. To ga golmonka can," ya ce, ya nuna wata tsohuwar kwamfuta da babban ɗansa ya aiko masa daga Legas.

Na karɓa da murna. Duk lokacin da ta rikice, in zo da faifan sidina a naɗe cikin hankici, in wanke mata ƙwaƙwalwa in zuba sabuwar manhaja. A lokacin, daga Ribah har Dirin Daji ana ɗauro mini kwamfutoci a bayan babur saboda wannan faifan, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Yarinyar takan kawo mini kunu ta ajiye ta wuce. Ban taɓa damuwa da wucewar ba, na ɗauka kunya ce.

Sai wata damina kwamfutar ta ƙi tashi, wurin saka faifan kuma ya mutu. Ka tura masa sidi, ya yi ƙugi ya tofo shi. Na hura, na goge, na sa tsinke, shiru. Na ce wa tsohon sai an aika Kwantagora a nemo wani, alhali yana son buga tsarin taron godiyar kaka kafin Lahadi.

Washegari na dawo na tarar da wani a kujerata. Ɗan abokin tsohon ne tun suna bariki, ya dawo hutu daga karatu a Kaduna, da wani siririn tabarau da na tsana nan take. Ya riga ya kwance kwamfutar. Ya ciro rumbun ajiyarta, ya jona a tasa da ya ɗauko daga gida, ya yanki wani ɗan sashe a ciki. A nan ya kwafe nasa faifan manhajar gaba ɗaya a matsayin fayil guda, ya ƙara wata 'yar manhaja da za ta fara farkawa ta miƙa wa kwamfutar fayil ɗin kamar faifai ne aka saka.

"Ba za ta tashi ba sai da sidi," na ce masa.

"Bari mu gani, yayana," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. Yayan nan ya fi zagi ciwo.

Ya mayar da rumbun ya kunna. Allah ya sani, addu'a nake kada ta tashi. Baƙin allo ya fito da layi biyu, ya zaɓi na ƙasa, sai ga shuɗin allon nan na zuba manhaja da na sani ya bayyana, faifaina yana aljihuna. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yaro ya san aiki." Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yarinyar. Ta kawo kunu, ba ta wuce ba. Ta jawo kujera ta zauna tana tambayarsa, "Mi ya sa ka raba shi biyu? In ta sake lalacewa fa?" Yana amsawa tana gyaɗa kai. Ashe ba kunya ba ce, ni ne ban taɓa nuna mata komai ba, don ina gudun a gane aikin ba wuya. Kishi ya hana ni shan kunun.

Ya koma Kaduna bayan sati biyu, ni kuma na ci gaba da golmona. Tsohon mutum ne mai riƙe magana, ya ba ni 'yarsa, ya haɗa mana da kwamfutar cikin kayan aure.

Haka ta zauna a falonmu. Kullum aka kunna ta, sai baƙin allon nan ya fito da layukansa biyu yana jira. Na so in goge shi, amma ban san yadda ya dasa shi ba, kuma da in tambaye shi gara kwamfutar ta ƙone. Wata rana ta sake rikicewa ina shago. Da na dawo na tarar matata ta zaɓi layin ƙasa, ta zuba manhajar da kanta, tana buga takardun ƙungiyar matan coci.

"Wa ya koya miki?" na ce.

Ta dube ni ta ce, "Ai kana wurin."