Sunan Ƙanwata a Kan Fom

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Wawa mai furfura kuwa, wanda ya yi shekara talatin yana juya wa jirgin ƙasa layi a tashar Kafanchan bai taɓa haɗa biyu karo ba, amma da aka bar masa 'ya'yan ƙanwarsa guda biyu kacal, sai da ya kusa gwara kansu. Karatuna aji biyar ne, rabin na shida kuma ta taga na yi shi. Duk da haka dangi ni suke nema in magana ta taso, don ni kaɗai na rage wanda ya san wa ya haifi wa.

Ƙanwata ta rasu cikin damina, aka binne ta a gidan mijinta a Manchok. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata tun gashinta na baƙi. Ranar jana'iza matan suka zo da zanensu iri ɗaya, suka ɗauko waƙar da ta saba jawowa, aka rasa wadda za ta ja. Haka suka yi ta amshi babu mai bayarwa. Ni da ban cika kuka a gaban mutane ba, ranar na nemi bayan rumbu.

Ta bar 'ya mace, ita ce babba, tana koyarwa a wajen Gidan Waya, da ɗa namiji mai sayen citta a Kachia. Su biyun, tun suna makaranta a Kaduna, suka shiga cocin nan da ya zo daga Amurka, wanda samarinsa ke yawo bibbiyu da farar riga da ɗan baƙin allo a ƙirji. Ba su shan shayi, ba su shan giya, kuma suna da wani littafi da suke haɗawa da Littafi Mai Tsarki. Uwarsu ta yi kukanta, ta gaji, ta ce tunda suna kiran sunan Yesu ba za ta kore su daga tukunyarta ba. Bayan shekaru yarinyar ta fita. Yaron ya zauna, har ya zama ɗaya daga cikin masu ja musu gaba.

Wata rana bayan rasuwar, yaron ya zo mini da lemu da wani fom cikin leda. Ya ce yana so in ba shi sunayen kakanninmu. Wanda bai tsufa ba ba zai gane daɗin wannan roƙo ba. Shekara nawa ina neman mai saurare, 'ya'yana da na fara sai su tuna suna da aiki. Na gyara zama, na jero masa su har kaka na bakwai, da wanda damisa ta kama, da wanda ya gudu daga aikin dole ya ɓuya a kan dutse. Yana ta rubutawa kamar ina ba shi lambar asiri.

Daga nan ya bayyana mini dalili. A wurinsu ana yi wa matattu baftisma. Akwai babban haikalinsu can kudu, inda mai rai ke shiga ruwa a madadin mamaci, a kira sunan mamacin. Ya ce ba tilas ake yi wa kowa ba, wanda ya mutu yana iya karɓa ko ya ƙi a can inda yake. Abin da yake so shi ne ya sa sunan uwarsa. Bai ɓoye mini komai ba, wannan zan shaide shi. Ya ce ba ya so ya yi ba da yardar dangi ba, kuma ya san yayarsa ba za ta yarda ba.

Na buga ƙirji na ce dangi ai ni ne. Na ba shi sunanta na gida wanda ko 'ya'yanta ba su sani ba, na faɗa masa unguwar da aka haife ta, na kuma sa hannu a ƙasan takardar, irin sa hannun nan nawa mai wutsiya da nake yi wa masu fensho. Bai ma nemi sa hannun ba, ni na ga wuri ya rage.

Da na yi shiru da an daɗe ba a ji ba. Amma ranar Lahadi bayan sujada na ba abokaina labari a ƙofar coci, har da ƙarin gishiri, kafin Laraba magana ta isa Gidan Waya.

Yarinyar ba ta kira ni ba, ba ta kira ƙanenta ba. Ta ɗauki waya ta rubuta a intanet, inda duniya za ta gani. Jikata ce ta karanta mini. Ta ba da labarin shekarunta a cocin, da yadda ta gano cewa a da can ba su ba baƙar fata matsayin firist, amma ba wanda ya faɗa mata kafin ta shiga ruwa. Ta faɗi yadda matan da suka yi mata rakiyar aure suka daina ɗaukar wayarta da ta fita. A ƙarshe ta ce ƙungiyar asiri ce mai satar sunayen matattu, kowa ya kula da 'ya'yansa.

A ƙasarmu in ka ce ƙungiyar asiri, ba wanda ke tunanin littafi da farar riga. Jini ake tunani. Cikin mako guda matar da ke shanya wa yaron citta ta daina zuwa, ba sallama. 'Yarsa ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce kada a ci abincinta. Shi kuma ya mayar da amsa da wata kalmar Turanci mai nauyi, wadda aka fassara mini da ƙin mutum saboda addininsa. Ya ce yayarsa ta zama maƙiyiyar masu bi, ya hana 'ya'yansa zuwa gidanta hutu.

Ga shi ranar cika shekara da rasuwar ƙanwata ta matso, an riga an gina kabari da siminti, fasto ya sa rana, zumuntar mata suna ta gwajin waƙa. Yarinyar ta aiko cewa in sunan ya tafi kudu ba za ta taka Manchok ba. Yaron ya ce muddin rubutun nan yana nan, shi ma ba za a gan shi ba. Mace ta haifi biyu, za a yi addu'a a kan kabarinta ba ko ɗaya. Wannan ne ya hana ni cin abinci yadda na saba.

Na kira su gidana ranar Asabar da azahar. Na sa tsohuwar kwat ɗina ta reluwe don a san shari'a za a yi. Matata ta kawo kunu ta ajiye, ta dube ni, ta dubi kwat ɗin, ta koma ciki. Suka zauna a baranda, kowa ya ɗauki ƙarshen benci, har na ji tsoron kada tsakiyar ya karye don kaɗaici.

Na buɗe da jawabi. Na tuna musu cewa mu nan ba a koya mana ƙiyayyar addini a littafi ba. Mun ga hayaƙinta, mun kwana a bariki, mun san gidajen da har yau ba rufi. Na ce saboda haka duk wanda ya taɓa addinin wani da baki, ya ɗauko ashana ke nan. Ina jin daɗin maganata, sai yarinyar ta tambaye ni ko in mutum ya faɗi abin da aka yi masa, shi ma ashana ce. Ta ce ita ba daga waje ta leƙa ba, shekara goma sha wani abu ta yi a ciki, ta share ɗakin sujadarsu, ta koyar da yaransu. In ba ta da ikon faɗin abin da ta gani, wa ke da shi?

Ban shirya wa wannan ba. Na sha kunu.

Yaron ya ce ba labarinta ne ya dame shi ba, ko da yake ya yi masa ciwo. Maganar baƙar fata gaskiya ce, shi ma ta taɓa hana shi barci, ya yi addu'a ya zauna, ita ta yi addu'a ta fita. Sannan ya juyo ya dube ta, karo na farko tun zuwansu.

"Yaya, kin taɓa ganin jini a wurinmu?"

Ta ce ba ta taɓa ba.

"To kin san abin da mutane za su ji, kika rubuta. 'Yata ce ke cin abincinta ita kaɗai a bayan aji."

Ta ce wannan kalmar ta asiri, ta san ba daidai ba ce tun tana rubuta ta, fushi ne ya riƙe mata hannu. Amma ta ce shi ma ya faɗa mata, da ya ce wa 'ya'yansa kada su saurare ta don ruhunta ya lalace, wannan mene ne sunansa? Ita ba ta daina zama gwaggonsu ba ranar da ta daina zuwa cocinsu. Duk wanda ya fita a ce masa mai ɗaci, duk abin da ya faɗa a ce ƙiyayya ce, to ta wace ƙofa gaskiyarsa za ta shigo?

Ni kuwa alƙali ina zaune da kwat, gumi na bin bayana, shari'a tana tafiya ba ta bi ta kaina ba.

Ba su shirya duka ba, kada in yi ƙarya. Ta ce za ta cire maganar asiri, ta kuma rubuta a wurin cewa ta yi kuskure, amma labarinta ba za ta goge ko layi ɗaya ba. Ya ce bai ji daɗi ba, amma ya ji. Yara za su je hutu. Da aka zo kan fom, ya ciro shi daga leda, ya ce bai aika ba tukuna. Ya ce har ransa ya gaskata alheri ne yake so ya yi wa uwarsu, kuma ba zai daina gaskatawa ba. Sai ya ce ba zai aika ba muddin yayarsa ba ta yarda ba, ko da zai jira har tsufansa. Ta ce zai daɗe yana jira. Ya ce ya sani. Suka tsayar cewa mota ɗaya za su shiga zuwa Manchok.

A nan mai hankali zai rufe da addu'a. Amma ni an gama shari'a ba a nemi hukuncina ba, ga sa hannuna mai wutsiya yana kallona daga kan benci. Sai na ga ya kamata in nuna cewa tun farko ban yi laifi ba. Na yi dariya na ce ni fa har yanzu ban ga abin faɗa ba. In baftismar nan ba gaskiya ba ce, ruwa ne kawai wani ya shiga a ƙasar Ibo, ƙanwata ba ta jiƙe ba. In kuma gaskiya ce, ta ci riba. Allurar rigakafi biyu ta taɓa kashe wa? Na ce su yi koyi da ni, ni ba na ƙin addinin kowa.

Yarinyar ta ɗauki biro daga jakarta ta miƙo mini.

"To Kawu, ga wuri ya rage a fom ɗin. Sa naka sunan, gobe ya kai ka su nitsar da kai, ka ci ribar tun kana da rai."

Na ja hannuna baya. Na ce a'a, ai ni ina da cocina, a ciki aka yi mini baftisma, a ciki kuma za a yi mini jana'iza.

"Ita ma tana da nata, Kawu. Bakin faɗa ne kawai ba ta da shi."