Cangal ɗin Maƙwabta da Hannun Kaka

Ba mu da murhu a gidanmu na High Point Road, can ƙasar waje, sai wata hita ta ɗumama ɗaki mai jan waya. Gabanta Kaka, mahaifiyar Baba, take tara mu bayan magariba, ta miƙe ƙafa kamar tana tsakar gidanta a Maraɗi.

Wata rana maƙwabtanmu 'yan Iran suka gayyace mu cin abinci. Baba ya durƙusa gaban Kaka da cokali mai yatsu.

"Inna, don Allah ki gwada. Da shi suke ci, cangal suke ce masa, wai daga farcen tsuntsu sunan ya fito. In ba za ki iya ba, sai ki huta a gida."

"In huta? Ni za a ɓoye kamar tsumma?" Ta juyo gare mu. "Kai, ku matso, ga wata tatsuniya tafe."

Wai shaho ya yi biki, ya ce kowa da farce zai ci. Agwagwa ta ji kunyar ƙafarta, ta aro farce ta ɗaura. Nama ya ƙi kamuwa, ta tashi da yunwa, a hanyar gida kuma ta kasa iyo, kogi ya tafi da ita. Zabuwa kuwa ta sa baki ta ci ta ƙoshi, duniya ba ta tashi ba.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ni dai daɗi ya kashe ni.

Washegari da muka tafi gidan maƙwabtan, Kaka ce a gaba, har da sabon gyale. Muka ga suna riƙe cangal da hagu, suna tura shinkafa cikin cokali.

"Ashe ma ɗan aike ne!" in ji Kaka. "Ko baki ba ya kaiwa. A ba ni ruwa in wanke hannu."

Baba ya sunkuyar da kai. Matar gidan da kanta ta zuba mata ruwan, sannan ta miƙo mata ƙanzon shinkafa, wanda a wurinsu rabon babban baƙo ne. Kaka ta ɓantara da yatsu, ta ci da ƙara, ƙurus-ƙurus.

Sai da na girma na gane ba cokali take faɗa da shi ba. Ɗanta ne ya fara auna ta da idon baƙi, ta ƙi yarda. Ina cin taliya da cokali mai yatsu, ban ƙi ba. Amma duk teburin da sai na bar uwata a gida kafin in zauna, wallahi su cinye abinsu.