Ranar da Ƙaro Ya Shanye Tawadar Kawu

Ko ƙasa ce ta rufe idona, ina jin da tunanin safiyar nan za a binne ni. Lokacin ana kashe sulai, na gama firamare a Ƙaraye har na yi aure, ina zaune a Kwanyawa kusa da kawuna. Shekara huɗu ya yi yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, saura izu ɗaya. Tawadar da ya fara da ita, ta bagaruwa da kashin maƙera, ita ce ta rage a gindin wata 'yar tukunya. Ya sha faɗa cewa ko shi ba zai iya sake haɗa mai launinta ba.

Ran nan zai tafi ta'aziyya Rogo, sai ya ce in sayo ƙaro in zuba, don ta kama takarda.

Ni kuwa mutum ne mai waswasi, alwala ɗaya sai in yi ta sau uku. Da na ga ƙaron kasuwa a shanye a ƙasa, awaki na gilmawa, sai zuciyata ta ce wa ya san najasar da ta taɓa shi? Na hau keke na shiga daji, na ɓanɓaro wani fari tas a jikin bishiyar kukkuki. Na zuba, na rufe, ina jin na yi abin kirki.

Da safe na tarar da murfin ya ɗago. 'Yan ƙwayoyin nan sun kumbura sun cika tukunya, baƙi ƙirin, suna rawa kamar ƙwan kwaɗi. Na danna ɗaya, ya lotsa ya dawo. Tawada kuwa ban ga ko ɗigo ba. Na ce shi ke nan, Allah ne bai karɓi hannuna ba.

Kawu ya dawo da hantsi ya same ni tsugune.

"Allah gafarta Malam, na kashe maka aiki."

Ya leƙa tukunyar, sannan ya ce, "Ɗan nan, a wace bishiya ka samo?"

"Kukkuki. Shi ne mai tsabta."

Ya yi dariya har da tari. "Ƙaron dakwara ke narkewa. Wannan ɗan banzan sha yake ya riƙe, kamar ɗan doka. Ɗauko tsumma mai kyau."

Muka juye a ciki, yana murɗawa a hankali ina tare da ƙoƙo. Da ƙwayoyin sun fashe da komai ya zama kunu, amma suka daure. Baƙin ruwa ya riƙa ɗiga, ɗis, ɗis, har ya kai rabin kurtun tawada. Ya tsoma alƙalami ya ja layi kusa da tsohon rubutu. Na kasa dubawa, sai da ya ce, "Buɗe ido mana, ita ce."

Da ita ya kai Suratun Nasi, ya kammala.

Waswasin bai sake ni ba har yau. Amma tun daga ranar na san tsoron kuskure ba ilimi ba ne, kuma tambaya ɗaya ta fi wanke hannu sau goma.