Bangon Gwaggo da lissafina

Har in mutu ba zan manta da ranar da na kusa cutar da gwaggona da ilimin boko ba.

Lokacin ban daɗe da fara aikin auna radiyeshin ba, wato tururin nan da ido ba ya gani amma yana ratsa jiki. 'Yan gwangwan sun fasa wani tsohon injin masana'anta mai fitar da irin wannan tururin a wani fili a unguwar Maamobi da ke Accra, burbushinsa ya shiga ƙasa. Aka turo mu, kuma sai ga filin a bayan gidan gwaggona. Abin da za mu yanke shi ne ko ta zauna, ko ta tashi har a kwashe ƙasar. Ita kuwa tuni ta rantse ko da katafila aka zo ba ta motsawa.

Ni da nake son a san an haifi ɗa, na je da yamma lis na auna ƙasar, na auna kaurin bangon ɗakinta, na lissafa yadda bulo ke tare tururin. Abin da ke isa ciki kaɗan ne ƙwarai. Na ce mata ta sha kuruminta. Ta sa mini albarka, har da ƙarin nama a waakye, wato shinkafa da wakenmu. Wallahi ranar kaina ya fi motar haya ta trotro girma.

Da na kai wa shugabarmu takardar, wata dattijuwa marar son surutu, sai ta yaba lissafin, sannan ta ce, "Awa nawa gwaggon taka take yi a cikin ɗakin?"

Littafin aikinmu ya ce mutum a ɗaki yake wuni, ni kuma na bi littafi, kamar ba a Zongo aka yanke mini cibiya ba. Wa ke zaman ɗaki a zafin Accra?

Washegari muka koma da hantsi. Ga Gwaggo a bayan bangon, ta ɓangaren filin, ta baje a kujerar tsuguno tana tuyar ƙosai, ƙafa ba takalmi, maƙwabta sun kewaye ta ana hira. Ashe a nan take wuni kullum, salla kaɗai ke shigar da ita ɗaki. Bangon da na dogara da shi gadonta kawai yake karewa. Kunya da tsoro suka rufe ni.

Na durƙusa na ce mata na yi kuskure, dole ta tashi yau. Ta dube ni ta ce, "Jiya bango ka tambaya, yau ka tambaye ni. To, ɗauko min kaskon."

Ta koma wurin 'yarta a unguwar Nima har aka kwashe ƙasar. Likita ya duba ta, Alhamdulillahi an yi a kan lokaci.

Tun ranar na gane cewa kafin ka auna abin da ke kare mutum, fara sanin inda mutumin yake zama.