Kular Alhamis

Har yau in na tuna la'asar ɗin Alhamis a Makka, sai in ji kamar mafarki na yi. Rana ta yi laushi a kan duwatsu, tattabaru suna ta kewaya sama, ni kuma ina hawa matakalan unguwar Nakkasa da 'yan mata shida a bayana, kowace rungume da kular abinci.

Ba a Makka na koyo abin ba. Lokacin da maigidana yake karatu a Ingila, na yi aikin taimaka wa malamai a wata makarantar Yahudawa. Malamar ajinmu dattijuwa ce mai faɗa kamar kakata. Kowace Juma'a da safe takan sa yara su ɗura abinci a jakunkuna, a kai wa tsofaffin unguwa. Dokarta ɗaya ce: kada mai karɓa ya ga mai bayarwa. Abin ya kwanta mini a rai, don mu ma haka addini ya koya mana, sai dai ban taɓa ganin an mayar da shi darasin aji ba.

Da aiki ya kawo mu Makka muka sauka a unguwar Mansur, sai maƙwabta suka riƙa turo mini 'ya'yansu mata karatu a falona. A nan aka haifi yaran, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ni kuwa uwar iyayi, na ce sai na koya musu hidimar jama'a. Iyaye su dafa, mu ajiye a ƙofar tsofaffi, mu ƙwanƙwasa, mu ruga muna ƙunshe dariya. Wata Alhamis ɗin mu ɗauki kularmu a inda muka bar ta.

Ƙofar da na fi so tana can ƙarshen hawa, inda in ka waiwaya kana hango hasumiyar agogo cikin hazon zafi. Wata tsohuwa ce a ciki, Basakkwata, ta zo aikin hajji tun tana da ƙarfinta ba ta koma ba. Ba takarda, ba dangi.

Abin da na manta shi ne, a Ingila jaka ake kaiwa, a ci a yar. Mu kula muke kaiwa, kuma mace mai mutunci ba ta mayar wa mutane kwano wayam. Makon farko muka tarar da dabino a cikin kular da muka bar wa tsohuwar. Na biyu, ƙullin daddawa. Sai carbi, sai ɗan kofin shayi mai bakin zinare. Yara su yi ta tsalle, ni kuma in jera kayan a taga ina zuba musu lacca, wai su dubi yadda alheri yake dawowa. Daɗi nake ji sosai, har ina ganin kaina wata malama.

Ran nan sai muka tarar da darduma a naɗe a kan kular. Babbar cikin yaran ta yi tsaye tana kallonta, sannan ta juyo gare ni. Abla suke ce mini, wato malama.

"Abla, wallahi wannan ta sallarta ce. Na taɓa leƙa taga na gan ta a kai."

Na karya dokata, na yi sallama na shiga. Ɗakin fayau yake: tabarma, buta, sai ƙusoshi a bango ba komai a rataye. Kunya ta rufe ni, na durƙusa na gaishe ta, kalmar sadaka ta ƙi fita daga bakina.

Ta kama hannuna tana murmushi.

"Ɗiyata, ke ta mai kular? Girkinku da daɗi, Allah shi yi albarka. Amma ya isa haka nan, don Allah kada ku kawo wani mako. Babu sauran abin da ni ka sakawa ciki."